Takardar Baba a Cikin Filash

Auta tana tsakiyar darasin lissafi, alli a hannu, sai wayarta ta fara ruri a cikin jaka. Ba ta saba ɗaga waya a aji ba, amma da aka kira karo na uku sai ta leƙa. Gwaggo ce, ƙanwar mahaifinta, wadda ta dawo gidansu da zama tun bayan rasuwar Mama.

"Auta, maza ki taho asibiti. Babanku ne. Tun da safe yake amai, ciki ya kumbura ya yi tauri. Sun ce hanji ne ya murɗe, wai yanka shi za su yi."

"Tiyata, Gwaggo?"

"To ni me na ce?"

Allin ya faɗi ya karye biyu. Auta ta ce wa ɗalibai su kwafe abin da ke kan allo, ta shiga ofishin malamai ta ɗauki jakar kwamfutarta. Sai da ta taɓa filash ɗin, 'yar ma'ajiyar bayanan kwamfuta da ke rataye a zoben makullanta, ta ji yana nan, sannan ta fita neman tasi.

Abin da ya tsinka mata zuciya kalmar tiyata ce. Shekara shida da suka wuce an taɓa yi wa Baba aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, aikin da aka ce na minti talatin ne. Ana sa shi barci jikinsa ya sandare, ya ɗauki zafi kamar dutsen guga, da ƙyar aka ceto shi. Likitan ya rubuta sunan maganin da ya jawo haka a takarda, ya ba Mama, ya ce ko bayan shekara ashirin za a sake sa mutumin nan barci, a fara nuna wannan takarda. Mama ta adana ta a ƙasan akwatinta. Yanzu Mama ba ta duniya, asibitin ya rufe an mai da shi shagon tayoyi, akwatin kuma ruwan rufi ya zuba masa a damina biyu da suka wuce, takardun ciki suka manne suka ruɓe.

Abin da ya rage shi ne filash ɗin. Yayanta, injiniya a wata masana'antar siminti da ke wani gari, shi ya haɗa mata abin da ya kira wiki: littafin rubutu ne a kwamfuta, shafi yana kai ka zuwa shafi. Ya sa shi gaba ɗaya a filash tare da 'yar manhajar da ke tashe shi, wadda ya ce sunanta saba. Ko a wace kwamfuta ka soka filash ɗin, ka danna sabar, sai baƙin akwati ya buɗe ya yi 'yan rubuce-rubuce, sannan ka buɗe burauza, manhajar duba shafuka, ka ga shafukanka, ba ruwanka da intanet. Auta ta so abin fiye da yadda Yaya ya zata. Magungunan Baba, awon jininsa na kowace safiya, jadawalin makaranta, duk ta zuba. Bayan rasuwar Mama ta zauna kwana huɗu tana ɗaukar hoton kowace takarda da ke cikin akwatin tana sakawa. Daga nan hannu ya saba: sakamakon gwaji hoto, kwalin magani hoto, har takardun jarrabawar ɗalibanta.

Da Yaya ya zo hutu ya ga yadda abin yake jan ƙafa kafin ya tashi, ya ce mata, "Ke, hotunan nan naki za su kashe shi. Ki riƙa rage musu girma." Ta ce to. Wata bakwai ke nan da wannan to ɗin.

A asibiti ta iske Baba kwance a kan gado mai taya, a wani lungu da aka kare da labule shuɗi. An zura masa roba ta hanci, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa manyan motoci, ga shi ya dunƙule kamar yaro. Ta kama hannunsa, sanyi ƙalau.

"Baba, sannu. Baba, sunan allurar nan da aka hana ka, ka tuna?"

Ya buɗe ido da ƙyar. "Uwarku ta sani," in ji shi, ya sake rufewa.

Gwaggo ta juya fuska ga bango tana share ido da gefen mayafi.

Wata mata gajera mai hular tiyata ta ɗaga labulen ta shigo da fayil a hannu. Ta ce ita ce likitar sa barci, kuma an gaya mata akwai labarin wata tsohuwar tiyata. Auta ta faɗa mata duk abin da ta sani. Likitar ta saurara ba ta katse ta ba, amma da aka zo wajen zafin jiki da sandarewa sai ta daina rubutu.

"Sunan maganin fa?"

"Yana cikin kwamfuta, Likita. Yanzu zan ciro."

"Malama, bari in gaya miki gaskiya. Abin da kika kwatanta, akwai abubuwa da yawa da zai iya zama, kuma kowanne shirinsa daban. Zan kauce wa duk wanda nake zargi, amma in na ga rubutun wancan likitan zan san inda na dosa. Hanjin nan kuma ba zai jira mu ba. Ana wanke ɗakin aiki yanzu. Kina da minti arba'in, da takarda ko babu za mu shiga."

Auta ta zauna a bencin ƙarfe na baranda, ta ɗora kwamfutar a cinya. Tsohuwa ce, ta gada daga Yaya, harafi biyu sun goge, gefe ɗaya an ɗaure da salatif. Ta soka filash, ta danna sabar. Baƙin akwatin ya buɗe, ya fara ƙirga shafuka kamar yadda ya saba. Dubu ɗaya. Dubu biyu. Fankar ciki ta fara kuka. A dubu biyu da ɗari tara ƙirgar ta tsaya cak. Auta ta ƙura ido. Sai wasu layuka ja suka zubo, na ƙarshe ya ce memori ya cika, akwatin ya rufe kansa.

Ba ta taɓa ganin haka ba. Ranar Lahadi ma ya tashi, ko da yake sai da ta yi wanke-wanke ta dawo. A ranar ne kuma ta zuba hotunan takardun jarrabawa na aji biyu, kusan ɗari da hamsin.

Ta rufe duk abin da ke buɗe, ta sake dannawa. Wannan karon ya wuce dubu uku da kaɗan, sannan komai ya daskare, ko kibiyar da ke kan allo ta ƙi motsi. Ta danne maɓallin kashewa har kwamfutar ta mutu, ta sake kunnawa. Tashin kawai ya ci minti huɗu. Ta duba agogon bango: minti sha uku sun tafi.

Gwaggo ta zo ta tsaya a kanta. "Ya fito?"

"Yana zuwa."

"Ai na ce muku takarda takarda ce. Kun ɗauki ran mutum kun cusa a abin da bai kai ɗan yatsana ba."

Auta ta zare filash ɗin ta nufi tagar da ake yankan kati, inda ta hango kwamfuta sabuwa fil a kan tebur. Ta roƙi ma'aikacin ya ara mata minti biyar. Mutumin bai yi mata wulaƙanci ba. Ya juyo da akwatin kwamfutar ya nuna mata: duk ramukan da ake soka filash an toshe su da gam.

"Ba ni na yi ba, 'yar'uwa. Duk na asibitin nan haka suke. Ko ta shugaba."

Ta kira Yaya, waya a kashe. Ta san dalili, in yana bakin aiki wayarsa tana kulle a cikin loka. Ta kira matarsa, ta karɓi lambar shugaban sashensu, ta kira wannan sau biyu kafin ya ɗauka, ƙarar injuna tana cika kunne. Ta yi ihu ta ce mahaifinsa ne, rai a hannun Allah. Mutumin ya ce ta riƙe. Ta riƙe wayar a kunne tana kallon agogo, tana jin takun mutum a kan matakalar ƙarfe, har minti shida.

"Auta? Me ya samu Baba?"

Ta faɗa masa a jimla uku, ta karanta masa jan rubutun. Ta ji ya ja numfashi. Ta jira ya ce ai na gaya miki, bai ce ba.

"Saurara da kyau. Babu abin da ya ɓace, kin ji ko? Filash ɗin kamar kabad ne, komai yana ciki. Memori shi ne teburin da kwamfuta take aiki a kai. Sabar nan wawuya ce, in za ta tashi sai ta kwaso duk abin da ke kabad ta jibge a tebur, har hotuna. Teburinki ƙarami ne, ya cika, shi ke nan. Za mu ɓoye mata hotunan ta tashi da rubutu kawai."

"Yaya, in na taɓa suka goge fa?"

"Ba gogewa za ki yi ba, matsarwa za ki yi. Buɗe filash. Kin ga folda mai suna wiki? Shiga. Akwai wata a ciki, hotuna. Ja ta ki fitar da ita waje."

Ta koma benci, ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa. Ta danne foldar ta fara ja. Daidai nan aka turo wani gado da gudu ta barandar, ƙarfensa ya bugi gwiwarta, yatsan ya zame.

Foldar ba ta nan. Ba ta inda take, ba ta inda za a kai ta.

"Yaya." Muryarta ta fito siririya kamar ba tata ba. "Ta tafi."

"Kamar yaya ta tafi?"

"Babu ita. Na goge takardar Mama. Wayyo Allah, na kashe Baba."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta fara salati da ƙarfi, har mutanen benci na gaba suka waiwayo. Abin da ke yawo a zuciyar Auta kawai shi ne fuskar Mama ranar da ta ninke takardar gida huɗu ta sa a leda.

"Auta! Ke! Hotuna dubu uku ba sa gogewa a ƙiftawar ido, da kin ga yana ƙirgawa. Ta faɗa cikin wata folda ne. Wace ce kusa da ita?"

Ta goge ido da bayan hannu. Akwai wata mai suna tsofaffi. Ta buɗe. Ga hotuna nan zaune a ciki.

Dariya ta so kufce mata, kuka ya riga ta. Yaya ya ce nan ma bai yi ba, har yanzu tana cikin gidan wiki, sabar za ta gan ta. A wannan karon bai bari ta ja ba, ya sa ta yanke ta liƙa a waje da maɓallai, yana faɗa mata ɗaya bayan ɗaya kamar mai koya wa yaro. Sannan ta danna sabar. Baƙin akwatin ya ƙirga ɗari huɗu da 'yan kai, ya ce a shirye yake. Ko daƙiƙa goma bai yi ba.

Ta buɗe burauza, ta rubuta tiyata a wurin nema. Shafin ya fito: kwanan wata, sunan asibitin, kwana nawa Baba ya yi a kwance. A ƙasa, ƙarƙashin maganin da aka hana, ga abin da ta rubuta da hannunta: duba hoton takardar likita. Ƙarƙashinsa fanko, akwati fari babu komai.

"Ban rubuta sunan ba," ta ce. "Rubutun likitan ne ban iya karantawa ba, na ce ai ga hoto."

"Ba komai. Danna gyara shafi. A inda hoton yake za ki ga wata doguwar lamba, ita ce sunansa a cikin folda. Kwafe ta."

Labulen shuɗi ya buɗe. Nas biyu suka turo gadon Baba suka bi baranda da shi, ledar ruwa tana kaɗawa a kan sanda. Gwaggo ta bi su tana kiran sunansa na yarinta, wanda Auta ba ta taɓa jin kowa ya kira ba. Agogo ya nuna saura minti uku, ashe ma ba su jira cikar arba'in ɗin ba.

Lambar mai alƙaluma goma sha huɗu ce. Ta liƙa ta a wurin nema na foldar hotuna. Wani koren layi ya fara rarrafe a saman allo, a hankali, a hankali. Ta miƙe tsaye da kwamfutar a buɗe a hannu, ta fara tafiya tana kallon layin, wayar ta zame ta faɗi ƙasa, ba ta tsaya ɗauka ba. Kafin ta kai kwanar baranda fayil ɗaya ya bayyana. Ta danna. Hoton ya fara sauka daga sama, kan takarda, tambarin asibitin, sannan rubutu.

Ta ruga. A bakin ƙofar ɗakin tiyata akwai jan layi a ƙasa, wani nas ƙato ya tare ta da hannu.

"Nan ne iyakarki, Malama."

"Likitar barci! Ku kira min ita! Na samo!"

Ƙofar ta riga ta rufe bayan gadon. Nas ɗin ya dube ta, ya dubi allon, ya tura ƙofa da kafaɗa ya shiga. Auta ta tsaya yatsun ƙafarta a kan jan layin. Ta ƙirga numfashinta har ashirin da biyu kafin likitar ta fito, takunkumi a fuska, hannaye a ɗage.

Hoton a karkace yake, ga inuwar wayar ta rufe kusurwa ɗaya. Likitar ta karkatar da kai, ta ce a ƙara girma, a matsa hagu, a ƙara. Ta karanta sau ɗaya, leɓɓanta suna motsi a bayan takunkumi. Ta sake karantawa. Sannan ta juya ta yi magana da ƙarfi ta cikin ƙofa, ta ce kada kowa ya taɓa injin, a cire tulun iskar da ke jiki, a sauya robobi, a aika ɗakin magani a kawo wani abu da Auta ba ta kama sunansa ba.

"Likita, shi ne?"

"Biyu ya rubuta. Allurar, dama na ajiye ta gefe tun da kika ba ni labari. Na biyun iskar da ake shaƙa ce. Ita na yi ta kokwanto a kanta." Ta nuna mata benci. "Je ki zauna. Za mu ƙara minti ashirin muna shiri."

Auta ta koma ta tsinci wayarta, gilashin ya tsage. Yaya yana kan layi har lokacin, yana ta kiran sunanta. Ta ce masa an gani. Ya ce ga shi nan tafe, zai nemi mota.

Awa uku da rabi suka yi a bencin. Duk lokacin da ƙofar ta motsa sai Auta ta ɗago kai. Sau ɗaya wata nas ta fito da gudu ta dawo da jakar ƙanƙara, Auta ta miƙe zumbur tana zaton jikin Baba ne ya sake ɗaukar zafi, sai daga baya ta ji ashe ta wani majiyyaci ne a ɗaki na biyu. Gwaggo tana jan carbi, can ta ce, "Wannan abin naku, in ya ga dama ya yi aiki, in bai ga dama ba ya kwanta. Halin mijina ne sak, Allah ya jiƙansa." Auta ta yi murmushin da bai kai ido ba.

La'asar ta wuce kafin likitar ta fito, ta cire hula, gashinta ya jiƙe da gumi. Ta ce an yanke hanji kamar tsawon taƙi ɗaya an ɗinke, zafin jikin Baba bai motsa ba ko kaɗan, zai kwana biyu a ɗakin kulawa ta musamman. Gwaggo ta durƙusa a wurin ta kai goshi ƙasa.

Likitar ba ta tafi ba. Ta zauna a gefen bencin, abin da Auta ba ta zata ba.

"Akwai magana. Abin da wancan likitan ya rubuta, yawanci a jini yake, ana gadonsa. Ku nawa ya haifa?"

"Mu biyu. Yayana yana da yara uku."

"To duk ku ɗauka kuna da shi har sai an gwada an ce babu. Ko haƙori za a cire, in dai za a sa mutum barci, ku faɗa. 'Yan'uwansa ma haka." Ta dubi Gwaggo. "Mama, a danginku an taɓa samun wanda ya shiga tiyata bai fito ba?"

Gwaggo ta ɗago a hankali. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Ƙaninmu," ta ce. "Shekara arba'in ke nan ko fiye. Ƙafa ya karya a wajen ƙwallo, ƙafa kawai. Suka ce za su sa masa ƙarfe. Da aka fito mana da shi na taɓa goshinsa, wallahi da zafinsa, kamar an sauke shi daga wuta, alhali ya riga ya cika. Muka ce kwanansa ne ya ƙare." Ta dubi Auta, idonta ya firfito. "Shekararsa sha tara. Babu wanda ya ce mana komai."

Can likitar ta ciro biro daga aljihu, ta yagi takarda a fayil ɗinta, ta rubuta sunayen biyu da manyan haruffa, ta miƙa wa Auta, ta koma ciki.

Gwaggo ta fara ƙirga da yatsu, 'ya'yanta biyar, jikoki goma sha ɗaya. A na bakwai ta tsaya.

"'Yar wajen babban ɗana," ta ce. "An ce za a cire mata wani abu a maƙogwaro. Ranar Litinin ne ko Talata?"

Ta shiga lalube a jakarta, zif ɗin ya ƙi buɗuwa. Auta ta karɓi jakar ta ciro mata wayar, ta nemo lambar, ta danna, ta kara mata a kunne. Wayar tana ta ruri ba a ɗauka ba.

"Sake kira," in ji Gwaggo.

A kira na uku aka ɗauka. Auta ta shimfiɗa takardar a gwiwarta, ta karɓi wayar, ta ce wa ɗan Gwaggo ya nemo biro, za ta faɗa masa wasu sunaye harafi bayan harafi.